Yadda Ake Zaɓar Fitilun Shagon Kafinta

A bar tambayar wat nawa ne ƙwan. Wat wutar da yake ci ce, hasken da yake bayarwa kuwa da lumen ake auna shi, kuma yana rubuce a jikin kwali.

A fara da awon shago. Mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6 murabba'in mita 60 ke nan. Aikin yanka da haɗa katako na son lumen 300 a kowane murabba'in mita, wato 18,000. Sai a ninka biyu, domin bango mai duhu da ƙura suna shanye kusan rabi. Ya zama 36,000. Doguwar fitilar LED mai mita 1.2 da wat 40, in mai kyau ce, tana ba da kusan lumen 4,000, don haka guda tara sun isa, wat 360 gaba ɗaya. Ƙaramin janareta zai ɗauka.

Wurin rataya ya fi yawan fitilun muhimmanci. Ƙwai ɗaya mai ƙarfi a tsakiya yana jefa inuwar mai aiki a kan layin da zai yanka. A jera su layi uku, uku-uku, a mita 3 daga ƙasa, kowane layi da makunninsa. Bencin awo da wurin fenti a ƙara musu tasu fitilar, ta fito daga gaba ko gefe.

Fitila mai arha tana ƙyafta haske sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya kamawa. A ƙarƙashinta zarton inji da ke juyawa zai iya bayyana kamar ya tsaya, ga kuma ƙarar janareta ta rufe kunne, mutum ya kai hannu. Kafin a biya kuɗi, a kunna ta a duba ta kyamarar waya. In baƙaƙen layuka na yawo a hoton, a ajiye ta.

A nemi mai alamar IP65, garin katako da ƙurar hunturu ba sa shiga cikinta. Launin haske, da ake rubuta lambarsa da K, ya zama 4000K zuwa 5000K, wato farin haske. Mai fenti ya duba CRI 90 (CRI ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin abu ne), in ba haka ba launin da ya haɗa a ciki zai canza a rana.

Zafi ne ke kashe LED da wuri, saboda haka kada a manna ta da rufin kwano, a sauko da ita da sarƙa kamar rabin mita. Inda wuta ke zuwa da rauni, a sayi mai ɗaukar ƙarfin wuta daga volt 85 zuwa 265.