Kula da raunin dabba har ya haɗe

Idan waya ta yanki akuya, jinin da ya daskare a bakin raunin yakan saki sinadarai, irin su wanda ake kira PDGF, da ke kiran ƙwayoyin jiki masu gyara. Daga baya wani sinadarin mai suna VEGF ya sa sabbin jijiyoyin jini su tsiro. Shi ya sa bayan kwana 3 zuwa 5 za ka ga jan nama mai damshi yana cike ramin. Kada ka kankare shi, gyaran ke nan.

Danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, ka aske gashin gefe. Wanke da lita ɗaya na dafaffen ruwan da ya huce, da gishiri giram 9. Shafa zuma, ka ɗaure, ka canza kullum, musamman da damina da ƙuda ke yin ƙwai a ciwo.

Baƙin mai da garin batir, idan aka sa su a ciwo, suna kashe ƙwayoyin gyaran, ciwo ya daɗe, tabo ya faɗaɗa. Abin takaici ne, domin fatar jar akuyar Sakkwato kuɗi ce, tabo kuwa yana karya mata daraja.

Doki ya fi wuya. A ƙasan ƙafarsa jan naman nan kan yi yawa ya zarce fata. Kira likitan dabbobi ya rage shi, ya kuma yi wa dokin allurar rigakafin sandarewar haɓa, wato tetanus.