Ga wanda ƙaura ta kai shi baƙon gari

'Yan'uwa cikin Kristi, salama. Wannan shawarar ta waɗanda canjin wurin aiki ko tashin hankali ya raba da gida ce.

Lokacin da muka bar garinmu, wata uku na yi ban taka majami'a ba, ina cewa ai mun kusa komawa. Addu'a ma ta gagare ni. Abin da ya farkar da ni shi ne Irmiya sura 29, wasiƙar da annabin ya aika wa 'yan bauta a Babila. Zaman shekara 70 ne ke gabansu, aka ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su roƙa wa birnin alheri.

Don haka kada ku jira hankali ya kwanta tukuna. Lahadin farko ku nemi ikilisiya, ku gaisa da fasto, ku shiga Zumuntar Mata ko ƙungiyar mawaƙa, ko da muryar ba ta fita. Da asuba kuma Zabura ɗaya ta isa. Ni da ta 121 na fara, ina karantawa a bayyane yara suna ji.