Idan fitilar a-kori-kura ta ƙi kamawa

Kafin ka kira mai wayarin, duba ko ɗaya ce ta mutu ko duka biyun. In ɗaya ce, yawanci ƙwan ne ya ƙone. Kashe mota, ka zare shi ta bayan fitilar, ka ga ko zaren ciki ya tsinke. Sabon kuwa kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu na kashe shi da wuri.

In duka biyun ne, buɗe bonet ka nemi akwatin fiyus. Murfinsa na nuna na fitila. Wanda ya ƙone ka musanya shi da mai lamba ɗaya da shi. Masu cusa waya a gurbin fiyus gobara suke nema. In sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa bodi, sai ka bi ta.

Fiyus lafiya? Musanya rilen fitila, wato ɗan makunnin da ke sakar mata wuta, da na hon, in iri ɗaya ne; in ta kama, rilen ne ya lalace.

In haske ya yi rauni kawai, kankare kan batir da wayar da aka ɗaure a bodi, ka ƙara ɗaure su. Ƙwai da rile akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, amma tafi da tsohon a gwada.