Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen baƙin man mota

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton mai kauri ya fi kare inji. Motar da kamfani ya rubuta mata 0W-20 ko 5W-30 sai a ɗura mata 20W-50, wai don kada inji ya cinye. Alhali injinan zamani ratar da ke tsakanin ƙarafansu 'yar ƙarama ce, masu VVT kuma, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul da rufe shi, da matsin mai suke daidaita wannan lokacin. Man da ya yi kauri yana jinkirin isa saman inji idan an tayar da mota a sanyaye, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ga ƙarin shan fetur.

Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu cikin sanyi, ta biyun kuwa kaurinsa ne a zafin digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Ke nan 5W-30 da 10W-30 kaurinsu kusan ɗaya ne da zarar inji ya ɗauki zafi. Gyaran ba wuya: a duba murfin zuba mai ko littafin mota. Idan littafin ya ba da zaɓi bisa yanayin zafi, a tsaya cikin abin da ya lissafa.

Wasu kuma da sun ga kaurin ya dace, shi ke nan, ba su juya galan su karanta bayansa. A nan matakin API yake, wato matakin ingancin mai na cibiyar man fetur ta Amurka: mai farawa da S na injin fetur ne, mai C na dizal. SN ya fito a 2010, SP a 2020, kuma sabo yana maye gurbin tsoho a injin fetur, tsoho ba ya maye gurbin sabo. Ƙaramin inji mai turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana son SP, domin an tsara shi ya rage kamawar wuta kafin lokaci, matsalar da kan fasa fistan.

Motar dizal mai matatar hayaƙi ta DPF ta fi kowa saurin nuna fushi. Tana buƙatar man da ke barin toka kaɗan, irin C2 ko C3 a ma'aunin ACEA na masu ƙera motoci na Turai. Aka zuba mata A3/B4, toka ta riƙa taruwa a matatar har ta toshe, ita kuwa toka ba ta ƙonewa. Idan littafi ya ambaci lambar amincewar kamfanin mota irin VW 507 00 ko MB 229.51, sai an ga ita kanta a jikin galan.

Sai cika mai fiye da kima. Karanshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan inji, kan riƙa dukan man ya yi kumfa, matsi ya ragu. Bayan juye da sauya filta, a tayar da inji minti ɗaya, a kashe, a jira kamar minti biyar a wuri mai daidai, sannan a zaro ma'auni. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama yawanci kusan lita 1 ce, don haka kaɗan-kaɗan ake ƙarawa.