Idan Sinawa Suka Gayyace Ka Ƙauye: Shirin Malamin Turanci Daga Jos ko Abuja

Malamin da ya bar Jos ko Abuja ya tafi ƙasar Sin koyar da Turanci, da wuya ya yi wata uku ba a gayyace shi ƙauye ba. Ko makaranta ta yi shatar bas ta kwashi malamai a ƙarshen mako, ko abokin aiki ya ce zo mu je garinmu ka gaisa da tsofaffina. Ka amsa gayyatar, don a can ake ganin mutanen yadda suke. Sai dai kusan duk abin da ke ɓata irin wannan fita, tun kafin a tashi ake maganinsa, ta hanyar gaya wa mai masaukinka abin da kake ci da abin da ba ka ci, da ranar da za ka komo.

Fara da duba ranar. Hutun 1 ga Mayu, da makon da ke farawa 1 ga Oktoba, da bikin sabuwar shekararsu a Janairu ko Fabrairu, lokuta ne da kowa ke kan hanya, kamar tashar mota ranar jajiberin Sallah. Tikitin jirgin ƙasa yana fita kwana 15 kafin tafiya a manhajar 12306, kuma a irin waɗannan ranaku nan da nan yake ƙarewa. Fasfo ɗinka shi ne tikitinka, da shi za ka wuce ƙofa, saboda haka hoton fasfo a waya ba zai fishe ka ba. Ka isa tasha da saura minti 40, domin akwai binciken kaya, kuma ana rufe ƙofar shiga 'yan mintoci kafin jirgi ya tashi. 'Yar wuƙar ɓare lemo ma ana iya ƙwace ta a wurin binciken. Idan gayyatar ta faɗo a bikin Qingming, wajen 4 ko 5 ga Afrilu, ka sani ziyarar kaburburan kakanni za a je, ana share su ana ƙona takardu ana rusunawa. Ka tsaya gefe cikin natsuwa, ba wanda zai ja hannunka.

Kwana kuwa akwai doka a kansa. Baƙon waje da ya kwana a gidan wani dole a yi masa rajista a ofishin 'yan sanda na yankin cikin awa 24. Otal shi ke yi maka da kansa, amma a gidan iyayen abokinka ku za ku je da fasfo ɗinka da katin shaidar mai gida. Ƙananan masaukan ƙauye, irin gidajen manoma masu karɓar baƙi da suke kira nongjiale, wasunsu ba su taɓa yi wa baƙon waje rajista ba, sai ka iso da dare su ce babu ɗaki. A kira su a waya tun daga birni, a faɗa musu fasfo ɗin Nijeriya ne mai zuwa.

Abinci ne babbar magana. A birni Musulmi ba ya shan wahala, yana neman shago mai alamar 清真, wadda ake furtawa kamar "cing-jen", galibi na 'yan ƙabilar Hui masu sayar da taliyar Lanzhou da naman sa. A ƙauyen da babu Musulmi ba za ka ga wannan alama ba. Cewa "wo bu chi zhurou", wato ba na cin naman alade, bai wadatar ba, domin uwar gida za ta tsame naman ta miƙo maka ganyen da zuciya ɗaya. A ƙauyuka da yawa da kitsen alade ake suya, ana barbaɗa niƙaƙƙen namansa a kan awara da wake, ana kuma zuba giyar girki mai suna liaojiu a kifi da kaza don kashe ƙarni. Don haka ka sa abokin aikinka ya rubuta maka abubuwa uku da rubutunsu a waya: naman, da kitsensa, da giyar girki. A aika wa masu gida kwana biyu kafin zuwa. Idan ka bari sai an jera kwanuka goma a tebur sannan ka noƙe, ka kunyata wanda ya kawo ka a gaban iyayensa, kuma su wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Abin da ya fi sauƙin roƙa shi ne shinkafa fara, dafaffen ƙwai, dafaffiyar masara, dankalin Hausa, gyaɗa, kifin da aka turara, da ƙwai da tumatir a man gyaɗa cikin kaskon da aka wanke. A nongjiale sau da yawa da rai ake zaɓen kaza a auna ta. Ka nemi wuƙa ka yanka da kanka. Za su yi mamaki, amma yawanci ba sa hanawa. Ma'auninsu jin ne, rabin kilo ke nan, kada ka ji farashi ka ɗauka na kilo ne. Kilishi dai kada ka ɗauko daga gida, an hana shiga da nama ƙasar.

Sai giya. Farar giyarsu baijiu ƙarfinta kan kai kashi 50 cikin 100, kuma girmama baƙo a wurinsu shi ne a cika masa ɗan kofi a ce "ganbei", wato a shanye duka. Tun kofin farko za ka ƙi, da murmushi, ka ɗaga kofin shayi ka ce "yi cha dai jiu", ma'ana shayi a madadin giya. Magana ce tasu, sun san ta. Wanda ya ce bari ya ɗan taɓa leɓe don kara, ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. In za ka haɗa kofi da dattijo, bakin naka ya zama ƙasa da nasa. Kada ka soke tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, yana kama da turaren da suke kunna wa mamaci. Kwanonka kuwa in ka sharce shi tas, ƙari za a yi ta zuba maka.

Tsaraba ba ta da wuya: kwandon 'ya'yan itace ko katan ɗin madara, a miƙa da hannu biyu. In kana Abuja tukuna, ka sayi 'yan jakunkunan fata da hulunan zanna a kasuwar Wuse. Amma ban da koriyar hula! A wurinsu sa koriyar hula habaici ne ga mijin da matarsa ke cin amanarsa. Agogon bango ma ba a bayarwa, lafazin yana kama da rakiyar gawa.

Ɗan Jos ya kan ce ya san sanyi, amma na can daban ne. Kudu da kogin Huai ba a haɗa wa gidaje bututun ɗumi, sanyin kuma mai laima ne, har cikin ɗaki da jaket ake zama. A arewa akwai kang, gadon bulo da ake hura wuta ƙarƙashinsa, irin gadon ƙasa na tsofaffinmu. Jaket ɗin gwanjo na kasuwar Katako zai riƙe ka a yankin Guangxi da ke kudu, amma a arewa maso gabas inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili da digiri 20, sai ka sayi nasu a can. Banɗakin ƙauye na tsugunno ne, babu buta babu takarda, saboda haka ka riƙe gorar ruwa ta musamman. Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa, shi ya sa ruwan zafi za a yi ta ba ka. Alƙibla tana yamma, ba gabas ba kamar yadda aka saba a gida.

Za a kalle ka, yara za su biyo ka, tsofaffi za su nemi hoto, wata ma ta kai hannu ga gashinka ko mayafin malama. Yawanci son sani ne. Ka ce "Niriliya", sunan Nijeriya ke nan a bakinsu, in ba ka son hoto ka ɗaga hannu ka ce "bu yao". Tsofaffin ƙauye da karin harshen yankinsu suke magana, har manhajar fassara kan rikice, don haka kada ka yi nisa da wanda ya kawo ka.

Akwai tarko guda da sababbin malamai ke faɗawa. Wani zai ce ga makarantar ƙauye, shiga ka yi wa yara darasi ɗaya, ga ɗan hasafi. Takardar izinin aikinka na makarantar da ta ɗauke ka ce kaɗai, kuma koyarwa a wani wuri a karɓi kuɗi laifi ne da kan jawo tara, ko tsarewa, ko kora daga ƙasar. Wa'azi ga yara ko raba littattafan addini shi ma dokarsu ta hana, Musulmi ne kai ko Kirista.

WeChat da Alipay, manhajojin biyan kuɗi ta waya, suna aiki har a gona, amma ka riƙe kamar yuwan 200 a ƙananan takardu da abin cajin waya na hannu, don in waya ta mutu kuɗinka da taswirarka sun mutu tare. Taswirar Amap ko Baidu za ka bi, ta Google ba ta da amfani a can. Ka ajiye sunan ƙauyen da adireshin makarantarku da rubutun Sinanci. Motar Didi, tasi da ake kira ta manhaja, ba ta cika samuwa a ƙauye ba, bas ta ƙarshe zuwa gari kuma a wurare da dama kafin magariba take tashi, saboda haka da saukarka ka tambayi direba lokacinta. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 120. Agogonsu ya riga na Nijeriya da awa 7, don haka in za ka kira gida ka ce kun sauka lafiya, bari sai ƙarfe 2 na rana, lokacin gari ya waye a Jos.