Yadda Ake Karanta Adabi da Tadabburi

A ƙarni na 12, wani malamin Kirista mai suna Guigo na Biyu, shugaban gidan ibadar Grande Chartreuse da ke cikin duwatsun Faransa, ya rubuta wasiƙa yana bayyana matakai huɗu na karatun ibada, wanda ake kira Lektiyo Dibina da Latin: karatu, tunani, addu'a da natsuwa. Ya kwatanta su da cin abinci, inda karatu yake kai loma baki, tunani ya tauna ta, addu'a ta fito da ɗanɗanonta, natsuwa kuma ita ce daɗin kansa. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure, ya ga malam yana shafe awa guda a kan layi biyu, ba zai ji baƙuncin wannan ba. Ana iya aron waɗannan matakai wajen karanta adabi, sai dai littafin ƙagaggen labari ba wahayi ba ne, kuma ba a ba shi matsayin littafi mai tsarki. Abin da ake arowa shi ne ladabin karatun, wato haƙuri da sauraro.

Da farko, ka zaɓi ɗan abu kaɗan, sakin layi ɗaya na labari ko baiti biyar na rubutacciyar waƙa, ka ware minti 20, ka ajiye waya nesa da kai. Ka karanta a bayyane sau uku ba tare da gaggawa ba. Wannan ya fi muhimmanci a Hausa, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutacciyar waƙa don a rera ta aka tsara ta, saboda haka ido kaɗai ba ya kama rabin abin da ke cikinta.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake ganin yawancinmu muke gazawa, domin makaranta ta saba mana da farautar jigo don amsa tambayar jarrabawa. Malaman gidajen ibadar Turai sukan kwatanta wannan mataki da tuƙar da saniya take yi, ta dawo da abin da ta haɗiye ta sake taunawa. Ka lura da kalmar da ta tsayar da kai, ka riƙe ta, ka yi ta maimaita ta a ranka. Idan marubuci ya ce mace ta sunkuyar da kai lokacin da ake yi mata magana, ka tambayi kanka ko kunya ce, ko fushi ne da ta danne, ko kuwa biyayya ce da ba ta kai zuci ba. Ka duba me ya sa ya ce ta sunkuyar, bai ce ta kau da kai ba. Kada ka yi saurin yanke hukunci, kuma kada ka nemi sharhin wani tukuna.

Na uku, a asalinsa addu'a ce ga Ubangiji, kuma ba a juya ta ga littafi ko marubucinsa. A madadinta, ka ɗauki alƙalami ka rubuta amsarka cikin jimla uku ko huɗu: wa wannan sashe ya tuna maka, me ya tono a rayuwarka, akwai wanda ya kamata ka nemi gafararsa ko ka kai masa ziyara?

Daga nan sai ka rufe littafin, ka yi shiru na minti biyu ko uku ba tare da ƙoƙarin gano wani sabon abu ba.

Idan kana da aboki mai son karatu, ku yi tare, kamar yadda ɗaliban makarantun Yahudawa suke nazari bibbiyu, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa, sannan su yi musanya. Bayan mako guda, ka koma wa sashen nan kafin ka zaɓi wani, ka karanta abin da ka rubuta a gefensa.