Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zaɓen Makarantar Koyon Likitanci

Duk shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito, wayata ba ta hutawa. Ƙanne da 'ya'yan abokai, tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, wace makaranta ce ta fi?" Nakan ce musu, ta fi ga wa? Shekara shida za ka yi a wurin nan, shi ma in ba a yi yajin aiki ba, kuma ba ka maimaita aji ba. Wurin da ya karɓi abokinka, kai yana iya ƙin karɓarka.

Yawancin yara suna farawa ne da bin suna. Gaskiya ne Jami'ar Ahmadu Bello tana horar da likitoci tun 1967, kuma ta yaye manyan malaman da suka watsu a sauran jami'o'in Arewa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Makin da ba zai ba ka gurbi a Zariya ko Jami'ar Bayero ba, wataƙila ya ba ka a jami'ar jiharku. Na ga yaran da suka shekara uku suna rubuta JAMB saboda sun kafe a kan suna ɗaya, alhali sa'o'insu sun yi nisa a wani wurin.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne shiga makaranta ba tare da an duba matsayinta a wurin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ba. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da kwas, shi ke nan. A'a. MDCN ce ke tantance makarantar, ita ke yanke adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka, ita ce kuma za ta ba ka lasisi a ƙarshe. Akwai makarantar da aka yi wa cikakkiyar tantancewa, akwai wadda aka amince wa azuzuwan farko kawai. Ɗan maƙwabcinmu ya shiga irin wannan ta biyun. Ya gama aji uku lafiya lau, sai aka ce su dakata tukuna, ba a ba makarantar izinin kai su asibiti ba. Kusan shekara biyu yana zaune a shagon mahaifinsa yana auna shinkafa, littafinsa a buɗe a kan buhu. Gyaran wannan ba wuya: hukumar tana fitar da jerin makarantu da adadin kowacce, ka nemo shi ka karanta da idonka. Sannan ka tambaya, mutum nawa aka ɗauka a aji ɗaya bara, nawa suka tsallaka aji biyu? In an ɗebi ninkin adadin da aka yarda, to ka sani akwai rariya a gaba, kuma wasu za a tura su wani kwas ko sun ci jarabawa.

Sai batun asibiti, wanda kusan ba mai tunawa da shi lokacin cike fom. Iyaye sukan je su ga ƙofar jami'a da ɗakin karatu mai sanyi, hankalinsu ya kwanta. Alhali daga aji huɗu, ajinka shi ne bakin gadon marar lafiya. Likita a hannun majinyata yake koyo. Ka je asibitin koyarwar da kanka, ko na Aminu Kano ne, ko na Shika, ko na Sakkwato, Maiduguri ko Jos, ka tsaya da safe lokacin zagayen duba marasa lafiya. Ɗalibai nawa ne a kan gado ɗaya? Na baya yana jin abin da malam ke faɗa? Ɗakin haihuwa yana aiki dare da rana? Asibitin da yake ƙal-ƙal amma gadajensa wayam, za ka fito daga cikinsa ba ka taɓa ganin mai ciki tana jijjiga ba, ba ka riƙe yaro mai tamowa ba, ba ka kwana a kan mai sikila ba. Ranar da aka tura ka asibitin karkara kai kaɗai, ranar za ka gane abin da ka rasa.

Harshe ma yana ciki. Da Turanci ake karatu, amma tsohuwar da ta zo daga ƙauye da nata harshen za ta gaya maka inda ke mata ciwo. In Ibadan ko Ilori za ka, ka shirya koyon Yarabanci. In Masar ce, Larabcin kasuwa za ka buƙata, ba na allo kaɗai ba.

Masu fita waje kuwa, kuskurensu lissafin shekara ɗaya. Dillali zai kawo takarda mai sheƙi, uba ya sayar da fili ya biya kuɗin farko, sauran shekaru biyar a bar wa Allah. Dogaro ga Allah wajibi ne, amma a ɗaure raƙumi. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati; a 2024 ta haura 1,500. Gidaje da yawa a nan suka durƙushe, yara suka dawo da rabin karatu. Ga kuma abin da ya sami ɗalibanmu a Yukren a 2022, da na Sudan da aka kwaso a motoci zuwa iyakar Masar bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Kuma ko an gama lafiya, sai an ci jarabawar MDCN kafin a taɓa marar lafiya a Najeriya. Ka tambayi waɗanda suka gama a makarantar, su nawa suka ci? Dillalin da ya kasa haɗa ka da ko mutum ɗaya, ka rabu da shi.

A gida ma akwai lissafi. Jami'ar gwamnati ta fi sauƙin kuɗi, amma yajin aikin ASUU na 2022 ya ci wata takwas cur. Mai zaman kanta ba ta tsayawa, sai dai kuɗinta miliyoyi ne duk shekara. Ku zauna da mai biyan kuɗin ku faɗa wa juna gaskiya tun yanzu. Ke kuma ƙanwata, ki duba nisan ɗakin kwanan ɗalibai da asibiti, domin za ki riƙa fitowa daga ɗakin tiyata ƙarfe biyun dare.

Akwai tambayar da ake jin nauyin yi a gidajenmu: kai ne kake so, ko Baba ne yake son a ce ɗansa likita ne? Ranar farko da muka shiga ɗakin fiɗar gawa a aji biyu, warin maganin da ake adana gawa da shi ya sa idanunmu hawaye. Wannan kowa yakan saba. Abin da ba a sabawa shi ne karatun da zuciya ba ta so. Wani abokin karatunmu, haziƙin gaske, ya daure har aji uku don kada ya ɓata wa mahaifinsa, daga baya ya koma lissafi, inda hankalinsa yake tun farko. Da ya samu wanda ya saurare shi, da bai yi asarar shekarun nan ba. Kafin ka cike fom, ka nemi izinin wani likita ka bi shi asibiti ko na mako ɗaya ne, ka ga jini, ka ji kukan 'yan'uwan mamaci, ka ga ko gobe za ka so komawa.

In ka je ziyarar makarantar, kada ka tsaya a ofishin ɗaukar ɗalibai. Ka nemi ɗan aji biyar a masallaci ko wurin cin abinci, ka tambaye shi sau nawa ake ba wanda ya faɗi babbar jarabawar aji uku damar sakewa, da ko manyan likitocin suna zuwa koyarwa da kansu, da kuma shekara nawa 'yan ajin da suka fita bara suka yi kafin su gama.